Mai Kaki Ba Ya Shiga Lema

A gaban shagona Gi-tae da Da-som suka fara haɗuwa, saboda haka kada wani ya zo ya ce zai gyara mini labarin. Shekara ashirin da shida ina wanki da guga a ƙofar baya ta jami'ar nan ta Chuncheon, kuma duk kakin da 'yan horon hafsa suke taƙama da shi, ta ƙarƙashin dutsen gugata yake bi.

Ƙarshen watan shida ne, damina ta kankama. Sai ga wani dogon saurayi siriri ya fito daga makaranta cikin kaki, baƙar jaka a hannun hagu, ruwa na zuba daga bakin hularsa. Bai yi gudu ba, bai raɓe ba. Haka suka gada daga manyansu: mai kaki ba ya riƙe lema, ba ya cin abu a tafe, ba ya riƙe hannun mace a hanya.

Ita kuma tana tsaye a rumfata tana jiran rigar babanta. Ta bi shi da kallo, ta ja tsaki, ta buɗe wata tsohuwar lema shuɗiya mai ƙarfe ɗaya a lanƙwashe, ta bi shi da gudu. Sai da ta yi ɗage kafin lemar ta kai kansa.

"Kai mai kaki, falwaya ce kai? Ba ka jin ruwa?"

"Yi haƙuri," in ji shi, idonsa na gaba, "ba a yarda mu riƙe lema ba."

"Wa ya ce ka riƙe? Ni ce na riƙe. Kai dai yi tafiyarka."

"In manyanmu suka gani fa?"

"Sai ka ce wata mahaukaciya ce ta biyo ka."

Sunansa Seok Gi-tae, ɗan Taebaek, garin masu haƙar kwal, yana aji uku a sashen gine-gine. Ita Pyo Da-som, tana aji biyu, tana karatun koyar da ƙananan yara. Ta raka shi har tashar bas, kafaɗarta ta jiƙe sharkaf, a can ya yi ta maza ya nemi lambarta. Rigar babanta kuwa sai washegari ta tuna da ita.

Da yammar ranar saƙonsa ya shigo. Ta nuna mini, kamar yadda ta riƙa nuna mini sauran daga baya.

"Na gode da lema. Na karanta littafin ƙa'ida daga farko har ƙarshe, babu inda aka hana a riƙe wa mutum. Gi-tae."

Ta mayar masa: "To madalla, Falwaya. An ce gobe ma akwai ruwa."

Tun daga nan sunan ya bi shi. Shi kuma yana ce mata Mai Lema. In suna wucewa ta gaban shagona za ka gan su a jere, da tazarar taki guda a tsakani, ita tana zuba surutu, shi yana danne dariya, hannun damansa a sake don sara wa manya. Wani lokaci abin ya ba ni haushi, wani lokaci ya ba ni tausayi.

Gi-tae ba don gayu ya shiga horon ba. Mahaifinsa ya yi shekara ashirin a cikin rami, ƙurar kwal ta cinye masa huhu, ya rasu Gi-tae yana sakandare. Kafin ya rasu ba shi da zance sai na ranar da zai ga anini a kafaɗar ɗansa. Ranar yaye hafsoshi mutum biyu ne suke liƙa wa sabon laftana anini, ɗaya dama ɗaya hagu. Gi-tae ya riga ya raba: dama ta mahaifiyarsa, hagu ta Da-som.

Da suka kusa shekara, ta kai shi wajen babanta.

Samanja Pyo Man-sik ya yi shekara talatin da uku a soja kafin ya buɗe gidan abinci na kaza mai yaji a bakin kasuwa. Matarsa ta rasu shekara shida da suka wuce, Da-som kaɗai gare shi. Kowa a unguwa ya san shi da abu ɗaya: ko bayan da ya ajiye kaki, ba a taɓa ganinsa da lema ba.

Gi-tae ya durƙusa ya kai goshi ƙasa, ya zauna a kan gwiwoyinsa. Samanja bai daina juya kaza da kabeji a kasko ba.

"An ce hafsa za ka zama."

"E, ranka ya daɗe."

"Shekara biyu da 'yan watanni ka fita, ko zama za ka yi?"

"Zama zan yi, har inda ƙarfina ya kai."

"To ci abinci ka tafi. Ba na ba soja 'yata."

"Haba Baba!" in ji Da-som.

"Ke yi mini shiru. Sau goma sha bakwai uwarki ta ɗaure kaya. Makaranta tara kika yi kafin ki gama sakandare, ko kin manta? Ranar da aka haife ki ina kan tsauni ina gadin iyaka. Ranar da aka kwantar da uwarki a asibiti ina atisaye. Ni za a gaya wa abin da kaki yake yi wa gida?" Ya tura wa Gi-tae kwano. "Ba ƙin ka nake ba, yaro. Na dai san inda hanyar take zuwa."

Gi-tae ya cinye abincin tas, don barin sa rashin kunya ne, ya yi godiya ya fita. A tasha ya rubuta mata: "Mai Lema, babanki bai faɗi ƙarya ko ɗaya ba. Amma zan dawo."

"Ka dawo da yunwa," ta amsa. "Ya ce kana cin abinci kamar mutumin kirki."

A watan bakwai na shekararsa ta ƙarshe, a sansanin horo, suna gudu da kaya a baya, sai ya ji kamar an soka masa ƙusa a ƙirji, numfashi ya ƙi shiga. Likita ya ce wata 'yar kumfa ce a saman huhunsa na hagu ta fashe, huhun ya tsuke. Ya ce yakan sami dogayen samari sirara. Aka sa masa roba a ƙirji kwana biyar, ya warke, ya koma.

Da kaka ta shigo aka kawo zobban aji. Kowane ɗan horo yana da nasa, babba mai koren dutse, da lambar ajinsu a gefe. Akwai kuma ƙarami irinsa sak, wanda ake yi wa uwa ko wadda za a aura. Mahaifiyar Gi-tae ta ce hannunta ya saba da ruwan wanke-wanke, ya kai wa yarinyar. A bakin tafki ya sa mata shi.

"Ba ni da komai tukuna," ya ce. "Amma duk abin da zan zama yana cikin zoben nan."

"Duk da shi da babu shi, Falwaya, ni dai kai na bi a cikin ruwa."

Ya yi dariya. Da ya saurari maganar da kyau, da an huta.

A watan sha ɗaya huhun ya sake fashewa, wannan karon yana hawa matakalar laburare kawai. Aka yi masa aiki, aka bar masa tabo uku a haƙarƙari. A gwajin lafiya na ƙarshe kafin yaye, likitan soja ya duba takardunsa ya girgiza kai. Gi-tae ya rubuta neman sassauci, ya haɗa da wasiƙar likitan da ya yi masa aiki, da ta malaminsu na horo, da sakamakon gudunsa na shekara biyu. Ranar da zai bayyana gaban kwamiti, Da-som ta hana shi shan miyar ganyen teku don kada santsinta ya zame da shi, ta cusa masa alewa mai danƙo a aljihu don sa'a ta manne.

Amsa ta zo a watan ɗaya, saura mako shida a yaye su. Layi uku ne.

"An duba buƙatarka ta sassauci. Kwamiti bai amince ba. Wannan hukunci shi ne na ƙarshe."

Washegari da hantsi ya shigo shagona da kakinsa a naɗe.

"Inna, a goge mini shi. Mayarwa zan yi."

"Wanda za a mayar kuma me ya haɗa shi da guga?"

"A goge na karɓa."

Na sa dutse a wuta, shi kuma ya zauna a benci yana lissafa mini hanyoyin da malaminsu ya zayyana masa, murya a bushe kamar yana karanta jerin kayan wanki. Zai iya sake nema ta wata ƙofar bayan ya gama digiri, amma likitocin su ne dai, tabon ma shi ne. Zai iya zuwa kotu, kafin a gama abokansa sun yi nisa. Abin da ya rage shi ne hukumar ɗaukar soja ta sake auna shi, kuma an riga an gaya masa ko kurtu ba zai yi ba. Hidimar farar hula za a tura shi, wata ashirin da ɗaya a wani ofis ko gidan tsofaffi, irin wadda samari suke yi wa juna dariya a kanta. Malamin ya kuma ce bayan nan akwai jarrabawar ma'aikatan soja marasa kaki.

"Wato in riƙa bin bayan 'yan ajinmu da fayil a hammata," in ji shi.

"Ka gaya wa Da-som?"

Ya kalli yatsansa. Zobensa babu, ya riga ya sa shi a aljihun kakin. "Wanda ke hannunta ma ba nawa ba ne yanzu, Inna. Na waɗanda suka gama ne. Ba zan bar ta tana yawo da lambar ajin da ba na ciki ba, a tambaye ta ina saurayinta yake aiki ta rasa amsa."

"Kai, Gi-tae! Ka san abin da ake nufi in namiji ya ce mace ta dawo da zobe?"

"Za ta gane. Zan yi mata bayani."

Bai yi ba. Kunya ta hana shi haɗa ido da ita. Ya kira abokinsa Byun Sang-u, wanda suka kwana tanti ɗaya a duk sansanonin horo, ya ba shi saƙo mai gaɓa biyu: ta ba da zoben a mayar, don na aji ne, ta kuma jira shi, zai zo da nasa na kansa ranar da ya tsaya da ƙafarsa. Ita kuma ya rubuta mata layi ɗaya, "Ki yafe mini, Sang-u zai zo miki da saƙo," ya hau bas ya koma Taebaek.

Sang-u ba mugun yaro ba ne, na san shi. Amma tun a aji uku idonsa yake kan Da-som. Ya je ya tsaya a gabanta ya ce, "Ya ce ki ba da zoben." Gaɓa ta biyu ta maƙale masa a wuya, kuma ya bar ta a can.

Ba ta ba shi ba. Ta koma gida ta riƙa aika wa Gi-tae saƙo.

"Yaya, Sang-u ya zo. In gaskiya ne, ka faɗa mini da bakinka."

Bayan kwana uku: "Yau an yi dusar ƙanƙara. Ka rufe ƙirjinka."

Ranar da aka yaye 'yan ajinsu: "Shi ke nan. Na cire."

Gi-tae ya karanta duka. A zatonsa ta ji saƙon gaba ɗaya, ta auna, ta ga ba za ta iya jira ba, kuma a ganinsa tana da gaskiya. Bai amsa ba. Wallahi da ina kusa da shi a lokacin, da na kwaɗa masa katakon guga.

Da-som ta ajiye zoben a gaban hoton mahaifiyarta. Ba ta yi kuka a gaban kowa ba, ta dai daina surutu, kuma a wajen mai surutu irinta wannan ya fi kuka muni. Ka ce Samanja zai ji daɗi tunda babu sauran zancen soja, amma ina! Cewa ya yi, "Da na ƙi shi don kaki. Yanzu na ƙi shi don kansa. Namijin da zai aiko a karɓar masa zobe, kada in sake jin sunansa a gidan nan."

Sang-u ya zama laftana, aka tura shi wani bariki da bai fi tafiyar awa ɗaya ba. Duk hutun da ya samu sai ya zo gidan abincin da kwandon 'ya'yan itace, anininsa na ƙyalli. Da-som tana gaishe shi da ladabi, ta kawo masa ruwa, ta koma kicin. Haka aka yi wata bakwai.

Ana saura mako guda bikin kaka, da rana tsaka, babu baƙi, Samanja ya ja kujera ya zauna a gaban Sang-u.

"Laftana, maimaita mini saƙon da aka ba ka."

"Wane saƙo, ranka ya daɗe?"

"Na zobe. Kalma da kalma."

"Cewa ya yi ta ba da zoben."

"Sai me?"

"Shi ke nan."

Samanja ya ɗora hannu biyu a tebur. "Shekara talatin da uku ina sauraron rahoton ƙananan hafsoshi. Na san rahoton da ya ƙare, na san wanda aka yanke wa wutsiya. In ka faɗi naka, numfashinka yakan tsaya kamar akwai saura. Tun ranar farko na ji, na dai bar ka ko za ka kawo da kanka. Sai me?"

Sang-u ya sunkuyar da kai, kunnuwansa suka yi ja. Ya faɗi sauran.

"Tashi ka shiga kicin ka gaya mata," in ji Samanja. "A tsaye, kamar hafsa."

Ya shiga ya gaya mata, ya nemi gafara. Da-som ta saurare shi har ƙarshe, ta ce, "Na ji. Amma shi ma yana da baki, yana da waya." Ta ci gaba da yanka kabeji.

Washegari Samanja ya rufe shago, abin da bai taɓa yi ba, ya ɗauki zoben daga gaban hoton matarsa ya hau bas zuwa Taebaek.

An tura Gi-tae wani gidan jinya na tsofaffin masu haƙar kwal. Samanja ya tsaya a ƙofar ɗaki ya daɗe yana kallo. Ga Gi-tae cikin rigar 'yan hidima, ya jingina wani tsoho a kafaɗarsa, yana bubbuga masa baya da tafin hannu a kife, daga ƙasa zuwa sama, har majinar ta fito. Ya goge masa baki, ya gyara masa robar iska, ya wuce gado na gaba. Gado goma sha biyu ne a ɗakin, bai tsallake ko ɗaya ba.

Da ya juyo ya ga baƙon, sai jikinsa ya ƙame da kansa, hannun damansa ya ɗaga zai sara, ya tuna, ya sauke.

Suka zauna a baranda. Ana yayyafi.

"Wa ya koya maka bugun bayan nan?"

"Mahaifina na yi wa, shekara huɗu."

Samanja ya fito da zoben ya ajiye a benci tsakaninsu. "Ga abin da ka aika a karɓo. Rabin saƙonka abokinka ya kai, rabin da ya ce ta jira ya haɗiye. Sai jiya ta ji shi."

Gi-tae ya kai hannu ya ɗauki zoben.

"Kada ka ɗora masa duka. Rahoto irin wannan ba a aika shi, mutum da kansa yake kaiwa. Ba su koya muku ba?"

"Na kasa tsayawa a gabanta babu komai a kafaɗata, ranka ya daɗe."

"Kafaɗa." Samanja ya kalli ruwan da ke sauka daga kwano. "Bari in ba ka labari. Da-som tana shekara biyar, na yi wata uku ban zo gida ba. Uwarta ta goyo ta, ta hau bas biyu, ta zo ƙofar bariki ana ruwa. Na fito. Ta ɗaga mini lema, shuɗiyar nan da ka sani, ta ce in matso. Akwai kurata biyu a bakin ƙofa suna kallo. Na ƙi. Na tsaya taki uku daga inda take, na yi mata magana minti goma, na juya. Ta yi ta miƙo hannu har ya gaji. Ba ta taɓa tayar da zancen ba har ta mutu. Mutane sun ɗauka taurin soja ne ya hana ni riƙe lema. Kunyarta nake ji."

Gi-tae ya share ido da bayan hannu.

"Ni kaki ya hana ni matsawa, ko haka na gaya wa kaina. Kai an cire maka, kana nan dai a taki uku. Ranar Asabar da ƙarfe uku zan aike ta karɓo riga wajen mai guga. Sauran ya rage naka."

Ranar Asabar ta shigo shagona, na yi ta jan ƙafa wai rigar ba ta bushe ba. Sai ga shi a bakin rumfa cikin wata tsohuwar rigar sanyi, ya ƙara rama. Ta gan shi, ta juya masa baya.

"Mai Lema."

"Ba ni da wannan sunan. Ka aiko Sang-u ya kira ni."

"Na yi kuskure."

"Wata bakwai, Yaya. Kullum sai na duba yanayin garinku in ga ko ana sanyi. Ban ma san ko kana numfashi ba. Ka zaci anini na bi? Ranar da na bi ka me ke kafaɗarka in ba ruwa ba?"

"Babu komai."

"To?"

Ya fito da zoben. "Ba laftana ba ne ni, kuma ba zan zama ba. Saura wata goma sha bakwai in gama hidima. Ina karatun jarrabawar ma'aikatan soja, sashen gine-gine. In na ci, rufin bariki zan riƙa gyarawa, 'yan ajinmu suna wucewa ina gaishe su. Na yarda da hakan yanzu. Wannan zoben ban san ko ya halatta in ba ki ba."

Ta karɓe shi, ta juya cikinsa ta nuna masa. "Lambar aji a waje take, ta masu kallo ce. A ciki me aka rubuta?"

"Sunana."

"Shi ne yake taɓa yatsana. Sa mini, kafin in canja shawara."

Ya sa mata. Suka fita, ya riƙe hannunta a nan gaban ƙofar makaranta, 'yan horo suna wucewa a jere da jakunkunansu. Na leƙa na ce, "To yaushe za mu ci taliyar bikinku?" Rigar Samanja kuwa aka sake barin mini ita.

Ya gama hidimarsa, ya faɗi jarrabawar a karo na farko, ya ci a na biyu. Aka sa biki a watan bakwai, a wani ɗakin taro da ke bakin tafki.

In hafsa zai yi aure, abokansa sukan tsaya layi biyu su haɗa takubba sama, ango da amarya su bi ta ƙarƙashi. Sang-u, wanda Da-som ta daɗe kafin ta yafe masa, ya zo ya ce 'yan aji sun shirya za su yi. Gi-tae ya ce a'a, takobi na hafsoshi ne, shi kuma ya daina ara.

Ranar bikin aka tashi da ruwa. Daga inda mota take tsayawa zuwa ƙofar ɗakin taro taki talatin ne babu rufi. Da motar amarya ta iso, sai ga 'yan ajin su takwas cikin kayan gida, sun yi layi biyu, kowa da baƙar lema. Mahaifiyar Gi-tae tana gefena, ta riƙe mini hannu tana kuka.

Samanja ya fito daga motar. Jama'ar unguwa da suka san shi suka zuba masa ido, don a hannunsa akwai shuɗiyar lemar nan mai lanƙwasasshen ƙarfe. Ya buɗe ta, bai ma iya buɗewar sosai ba, sai da Da-som ta taya shi. Ya shiga ƙarƙashinta tare da 'yarsa, kafaɗa da kafaɗa, suka bi ta tsakiyar layin har inda Gi-tae yake tsaye.

"Riƙe," ya ce, ya miƙa masa. "Ta uwarta ce. Kada ka bari hannunta ya gaji."

"To, Baba," in ji Gi-tae, ya karɓa da hannu biyu.

Da-som ta ɗaga kai ta kalli mijinta, fuskarta duk hawaye. "Sauko da ita ƙasa kaɗan, Falwaya, ruwa yana shigo mini."

Ya sauko da ita.

Mun ci taliya har da ƙari. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya ƙara wa ƙirjin yaron nan ƙarfi, ya kuma sanyaya wa Samanja zuciya. Suna zaune a Chuncheon, ba su ɗaure kaya ko sau ɗaya ba, kuma rigunan aikinsa har yanzu ni nake gogewa.